Wilin Baba da Dunƙulen Jabbi

Ranar wata Alhamis ce bayan la'asar, a kakar shekarar da na shiga aji huɗu. An gama yankan gero, dammuna sun shiga rumbu, gonakin bayan ƙauyenmu da ke kusa da Turba sun koma fili sai kara. Ina tsaye a kan gangaren da ke sauka mashaya riƙe da wilin keken Baba, yara sun kewaye ni, ni kuwa sai hura hanci nake yi. Gado, wanda ya girme mu duka kuma shi ke yi mana alƙalanci, ya gitta karan dawa a ƙasa. Na jingina wilina a bayan karan, na ɗora masa yatsa don kada ya faɗi. Sai wani ɗan Fulani siriri da ban taɓa gani ba, da sanda a kafaɗa, ya tsuguna ya ajiye wani dunƙulen yumɓu da bai fi lemo girma ba. Muka fashe da dariya. Gado ya ɗage kara. Kafin dariyar ta bar bakina, dunƙulen nan ya wuce saiwar kanyar da ke ƙasa, wadda ita ce iyaka, wilina kuwa yana can baya yana tafe yana yauƙi kamar ango.

Wannan gangare fako ne, ƙasa mai tauri da ruwan damina ya wanke ta tas. Shanu na da hanyarsu a gefe, mu kuma muna da tamu, wadda muke sharewa da tsintsiyar da muka sato daga gida, mu tsince mata tsakuwa ɗaya bayan ɗaya. Dokokin wasan ba su da yawa, amma ba a taka su. Ba a turi, ba a bi da sanda kamar yadda ake gare-gare a cikin gari. Sai dai a ɗage kara, kowane abu ya sauka da kansa. Duk abin da ka ajiye a bayan kara ka sa shi ke nan, in aka ci ka ya zama na wanda ya ci. Kana da fansa, amma sau ɗaya tak, kuma da wani abin daban. In ka ci, a mayar maka da kayanka. In kun yi kunnen doki ko aka sake cin ka, magana ta mutu har abada. Kafin wannan rana ban taɓa neman fansa ba, domin abokaina tsofaffin tayoyi suke kawowa, da bakin rariya, da gwangwanayen da babu komai a ciki, waɗanda kan yi tsalle su karkace su nufi daji. Wilina kuwa miƙewa yake yi sak. Dukanmu mun yi imani cewa babba shi ke cin ƙarami, mai nauyi shi ke cin sakayau, kuma ba mu taɓa ganin dalilin tambaya ba.

Matsalar ita ce wilin ba nawa ba ne. Keke ɗaya ne a gidanmu, da shi Baba ke kai hatsi kasuwar Isa, da shi yake ɗaukar Kaka zuwa asibiti in ƙafarta ta motsa. A ƙarshen damina wayoyin ƙafar baya suka kakkarye a ƙarƙashin buhu, Baba ya cire su duka, ya rataye gangar jikin keken a zaure. Da zai tafi fatauci Maraɗi ya miƙo mini wilin ya ce, "Nomau, riƙe mani wanga. Za ni kawo mashi sabbin wayoyi in na komo." Ya yarda in yi gare-gare da shi a ƙofar gida. Bai ce in kai shi gangare ba, bai kuma ce kada in kai ba, ni kuwa a lokacin duk abin da ba a hana ba halal ne. Yanzu ga shi ina kallo yaron nan, wanda na ji ana kira Jabbi, ya sauka har bakin gulbi ya ɗauko wilin ya rataya a wuya. Idan Baba ya dawo da wayoyi bai tarar da wili ba, keke ya mutu ke nan, kuma ni na kashe shi.

Na bi shi da gudu na ce ina neman fansa. Ya dube ni ba fushi ba dariya, ya nuna gonakin da shanunsu ke kiwo ya ce, "Ran da karan ga yaƙ ƙare mu ma mun tahi. Ka zo kahin nan." Al'ada ce a wajenmu, da an kwashe amfanin gona Fulani su sauka da shanu, su ci kara da harawar da ta rage, su bar mana taki, matansu su shigo gari da nono su fita da gero. Ba su da ranar tashi sai ranar da abincin shanu ya ƙare. Tun daga wannan yammaci na fara kallon karan gonakin mutane kamar ni na shuka shi.

Dama can ni ba mai zama wuri ɗaya ba ne. Kaka kan ce na ci ƙafar kare, ta ce tun da aka haife ni tabarma ba ta san ɗumin jikina ba. Takan kira ni maigida, irin wasan kaka da jika, ta ce ita dai ta yi rashin sa'ar miji, wanda ba ya kwana biyu bai fasa mata wani abu ba. To a waɗannan kwanaki abin ya wuce misali. A aji ina zaune malam na koyar da jam'i da tilo, ni kuwa ina gangara alli a kan allon benci ina kallon yadda yake juyawa. A aike ni ɗebo ruwa, in ajiye tulu a gindin kanya in haye gangare. A ce in yanko wa akuya ciyawa, in dawo da rabin kwando da ƙasa a gwiwa. Tuwo ma a tsaye nake ci. Na gaya wa Kaka wai na ara wa wani abokina wilin, ta dube ni ta wutsiyar ido ta ce, "To, Allah shi sa mai aron ga ya san hanyar gidanmu."

Abu na farko da ya zo mini a rai shi ne in yi irin nasa, amma babba. Na je bayan gari na fasa suri, na kwaɓa ƙasarsa mai danƙo, na mulmula dunƙule kamar kan jariri, na kuma yi wani ƙarami daidai da na Jabbi don in riƙa gwaji da shi. Na shanya su a kan rufin rumbu, ina hawa ina sauka ina taɓawa, har Kaka ta tambaya ko ƙwai nake kwanci. Da suka bushe na kai su gangare da rana tsaka, lokacin da ba kowa, na jera su a bayan kara na ɗage. Tare suka tashi, tare suka isa saiwar kanya. Na ce ƙarya ne, na sake. Na sauya musu wuri, na sake. Babban nan da na sha wahalar ɗaukowa bai tsere wa ƙaramin da ko taki ɗaya ba. Na zauna a kan fako rana na dukana, raina ya ɓaci, domin kunnen doki ba ya dawo da wili. Amma ko a cikin ɓacin ran, wani abu ya fara yi mini ƙaiƙayi a ka: in girma ba ya ci, nauyi ba ya ci, to me ke ci?

Daga nan babu abin da ya tsira a gidanmu in dai yana mirginawa. Na kai kabewar Kaka, ta kusa kamo dunƙulen kafin ta bugi saiwa ta tsage, muka sha miyar taushe ba shiri. Na kai ƙwaryar duma da ba a yanka ba, wadda cikinta ya bushe, ta sha kashi. Na kai guntun taɓarya, ya yi ƙoƙari amma bai kai ba. Na ari zoben ƙarfe na bakin durom wajen maƙeri, mai nauyin da sai da na ja shi a ƙasa, ina cewa wannan kam ko Jabbi da kansa ya kwanta ya mirgina ba zai kamo shi ba. Ya sauko yana ruri, ya zo na ƙarshe. Sannu a hankali na ga abin da ke gabana: duk abin da cikinsa fanko ne, komai nauyinsa, baya yake zuwa. Duk abin da ke cike, gaba yake. A cikin masu cika kuma dunƙule ne sarki, kuma dunƙule ba ya cin ɗan'uwansa. Wato na gano cewa ba ni da mafita, na kuma gano haka da hannuna.

A tsakanin nan kara sai raguwa yake. Kullum in na fito makaranta sai na bi ta bayan gari in duba, in ga shanu sun matsa zuwa wata gonar, wadda suka bari ta koma ƙasa da kashin shanu. Nakan hango Jabbi yana kora wilin da sandarsa tsakanin bukkoki, ƙannensa na binsa da ihu. Abin haushi, yaron ba shi da abin ƙi. Wata rana ya tarar da ni ina gwajina, bai yi dariya ba, sai ya tsuguna ya taya ni tsince tsakuwa, ya miƙo mini ɗan cukwi daga aljihu. Ya gaya mini shi a wajen kiwo ya koyi mulmula yumɓu, don jifan tsuntsu, gangarawar kuwa ranar nan ya fara. Na tambaye shi me zai yi da wili alhali ba shi da keke. Ya shafa shi ya ce, "Tun da nike ban taɓa samun abin ƙarhe nawa na kaina ba." Na so in ji na tsane shi, abin ya ƙi.

Kaka na da wani gwangwanin madarar gari mai murfi, wanda take ajiye kanwa a ciki. Shi ne abu na ƙarshe mai mirginawa da ya rage a gidan. Na juye kanwar a faifai na fita da shi. Fanko, ya sha kashi kamar yadda na zata. Na cika shi da yumɓu, ya bi dunƙulen a ƙeya amma bai kamo shi ba. Na zuba yashi, ya yi ta kwarara a ciki, gwangwanin ya riƙa tafiya kamar mai ciwon baya. Washegari da safe wani tunani na banza ya zo mini, na ɗure kunun da aka ajiye mini, wanda ya huce ya yi kauri, na tafi da shi. Bai fi yumɓun komai ba, ga shi na yi asarar karin kumallo. Na haƙura. Na sauka gulbi don in wanke gwangwanin in mayar kafin Kaka ta nemi kanwarta, na cika shi da ruwa na danna murfi, da nufin in girgiza shi a hanya kunun ya saki. Da na hau kan gangaren sai hannuna, wanda bai iya wucewa ta wurin nan bai ajiye wani abu a bayan kara ba, ya ajiye shi kusa da dunƙulen. Ban sa rai da komai ba, don me ruwa zai yi wanda yumɓu bai yi ba? Na ɗage kara, gwangwanin ya fita kamar an harbo shi, ya bar dunƙulen a baya.

Na sake, na sake, har rana ta yi sama, aka buga ƙararrawar makaranta ban ji ba. Ranar na sha bulala a makaranta, na dawo gida Kaka ta tare ni da faifan kanwa a hannu, kaji sun barbaza rabi. Na ba ta labarin duka, tun daga Alhamis ɗin nan. Sai ta shiga ɗaki ta fito da guntun leda da ƙaro, ta nuna mini yadda zan liƙe murfin kada ya yoyo. "In anka canye mani gwangwani," in ji ta, "kai za ni riƙa zuba ma kanwa a kunne."

Da na isa ruga da hantsin Asabar sai na tarar ana shirin tashi. An kwance bukkoki, an ɗaure tabarmi da ƙorai a bayan takarkarai, ga wilin Baba a saman kaya an ɗaure shi da igiya. Na kira Jabbi ina haki. Mahaifinsa ya dube mu, ya dubi rana, ya ce mu yi sauri. Kafin mu kai gangare labari ya zaga, yara sun taru, Gado ya kawo kara. Da suka ga gwangwanin madara sai aka fara yi mini ba'a, wani ya ce ko shayi na zo sayarwa. Na ajiye shi a bayan kara, Jabbi ya ajiye dunƙulensa. Ban ga ɗage karan ba, domin na rufe ido. Ihun da na ji ne ya sa na buɗe, na ga gwangwanin ya haye saiwa ya faɗa yashi, dunƙulen na biye da shi.

Sai gardama ta tashi. Gado ya girgiza gwangwanin ya ji ruwa, ya ce wannan ba tsakani da Allah ba ne, ruwan rubutu ne aka zuba. Wasu suka ce ai ruwa da kansa gangara yake yi, don haka kamar turi ne, doka ta hana. Na ji hawaye na taruwa, don ni kaina ban san dalilin da ya sa ya ci ba. Jabbi ne ya karɓi gwangwanin, ya ɓalle murfin, ya zubar da ruwan, ya sauka gulbi ya ɗebo wani da hannunsa, ya liƙe, ya ce a sake. Aka sake, gwangwanin ya kuma cin dunƙulensa. Bai jira hukuncin Gado ba. Ya ruga ya kwanto wilin daga kan takarkari ya kawo mini, ya riƙe shi ɗan lokaci kafin ya saki. "Ka ci ni," in ji shi. "Amma baɗi za ni komo da abin da ka cin ruwan ga naka." Ya tura dunƙulen cikin aljihu ya bi shanu. Na yi murna ƙwarai, ba zan ɓoye ba, amma murnar ba ta hana ni tsayawa ina kallon ƙannensa da ke waiwayen wilin ba.

Baba ya dawo da sanyi ya fara shiga, da wayoyinsa a naɗe cikin takarda. Ya zauna a zaure ya ɗaura su, ya kifa keken, ya juya ƙafar da hannu don ya ga ko ta miƙe. Ta yi ta juyawa, ta yi ta juyawa, kamar ba za ta tsaya ba. Ya ce, "Madalla, ka riƙe amana." Kaka da ke bakin ƙofa ta yi wani tari da ba na mura ba, ta ce hayaƙi ne ya sarƙe ta.

A kan keken nan aka kai ni sakandare, kuma a can ne wata rana malamin kimiyya ya jingina katako a kan tebur, ya saki zobe da ƙwallo, ya faɗi abin da na yi shekaru ina nema. Duk abin da ke kan tudu yana da ƙarfin da tsayin tudun ya ba shi. In ya fara gangarowa, ƙarfin nan biyu yake rabuwa, wani ya tafi wajen tafiya gaba, wani wajen juya jiki. Wili nauyinsa duka a baki yake, nesa da tsakiya, don haka juya shi aiki ne, juyin kaɗai ke ɗauke rabin ƙarfin. Dunƙule kuwa yawancin nauyinsa na kusa da tsakiya, kaɗan juyi ke ci, saura duk na gudu ne. Girma da nauyi ba su da ta cewa, sai dai inda nauyin ya zauna. Na ɗaga hannu na tambayi gwangwanin ruwa. Malamin ya yi murmushi ya ce ai ruwan ba ya juyawa tare da gwangwanin, fatar ƙarfen ce kawai ke juyi, shi ruwa yana zaune a ciki ana tafiya da shi. Na tuna ƙafar keken da ta ƙi tsayawa a zaure: abin da ya sa wili nawa a gangare shi ne ya sa in ya ɗauki juyi ba ya saurin saki. Na kasa zama a kan benci har aka tashi.

Jabbi bai dawo baɗi ba. Na liƙe gwangwanina na jira, wasu Fulanin suka sauka, suka ce su Jabbi sun bi ta wajen Burkusuma sun ƙetara iyaka. Shekara ta gaba ma na jira. Yau ni ke koyar da wannan darasi a birni, da katako mai santsi da ƙwallaye na kanti, ɗalibaina su kalla su rubuta, ba wanda zuciyarsa ke bugawa don ba wanda ya sa komai a bayan kara. Ƙauyenmu kuwa rashin tsaro ya sa yaro ba ya nisa da gida, ba a sauka mashaya sai da dalili, kuma an daɗe rabon da a ga ruga a gonar kowa bayan kaka. An ce mini ciyawa ta rufe hanyarmu, kanyar dai tana nan. Kaka ta rasu, keken ya tsufa ya mutu mutuwar kansa, ban kuma san inda Jabbi yake ba, ko yana raye, ko ya samu abin ƙarfe nasa na kansa. Na sani sarai, har zan iya nunawa a kan allo, cewa da wuya a samu abin mirginawa da zai ci gwangwanin ruwa. Duk da haka, ina nan ina jira ya zo ya gwada.